Inabin Bayan Kuru

A bayan Kuru, inda 'yan kuza suka yashe ƙasa suka tafi,
suka bar koren kududdufi da tudun jar tsakuwa,
nan Davou ya kafa sanduna saba'in da huɗu.
Aka ce masa ko ƙaya ta raina wurin nan.
Ya ce inabi ɗan wahala ne:
ka ba shi taki ya biya ka da ganye,
ka ba shi dutse ya biya ka da zaƙi.

Ni ne mai almakashi.
Shekara goma sha ɗaya ina yi wa kuringa aski,
sanyin asuba na cizon yatsuna,
birai a kan fā suna ƙirga mana nonnan da suka nuna.
Rabinsu na jemage ne,
ba mu taɓa cin wannan shari'a ba.

Ni ba na sha.
Ya sani, bai taɓa miƙo mini ƙoƙo ba.
Rabona ɗanye ne, cike da hula,
in kai wa yara a Bukur su ɓata riga.
Amma ran buɗe randa sai ya kira ni:
Tanimu, zo da hancin nan naka,
nawa taba ta cinye shi.

Sai in sunkuya.
In ce, ga ɗinya.
Ga ƙasa ran ruwan fari.
Ga kanumfari can ƙasa, ya ɓuya kamar mai bashi.
Shi kuma ya kurɓa, ya rufe ido, ya ba ni labarin sauran:
wai da tsamin tsada yake sallama,
sannan bauri ya kama dasashi
kamar kanyar da aka yi wa gaggawa,
sai can, bayan ka fid da rai,
wani ɗumi ya sauka ƙirji ya nemi tabarma.
Launinsa ya fi zoɓo duhu,
in ka ɗaga shi a rana, jan garwashi ne da ya kusa barci.

Yana da dokoki, mutumin nan.
Kada a haɗa shi da kifi, faɗa suke yi.
A ba shi cinyar akuya da ta kwana a wuta,
dankalin Bokkos da aka gasa da ɓawonsa,
ko naman riɗi, in Chundung ta ga dama.
Yaji kaɗan. Barkono makwabci ne mai ɗaga murya.
Ranar da babu nama,
gwaten acca ma ya isa, in da yalo mai ɗaci a ciki,
don ɗaci, in ji shi, ya san ɗan'uwansa.

Shekarar da ƙanƙara ta riga lokacinta,
cikin rabin sa'a ta sauke gonar ƙasa.
Muka tsince abin da ya tsira, kwando uku.
Ya toshe randa ɗaya tak, ya shafe bakinta da laka,
ya ce wannan sai an yi baƙo babba.

Baƙon ya zo bara, bai tsaya cin abinci ba.

Yau 'yarsa Kachollom ta fasa lakar.
An gasa akuya, an cika tsakar gida,
ta riƙe ƙoƙon, ta rasa wa za ta tambaya.
Sai ta ce, Baba Tanimu, ya yi?

Na sunkuya.
Ɗinya tana nan. Ƙasa tana nan.
Kanumfarin ya fito fili, ya daina ɓuya.
Na ce ya yi.
Sauran labarin kuwa, na jira, na jira,
babu wanda ya rufe ido ya ba ni.

Na ɗauki almakashina.
Layi na tara yana son aski.